Wata 14 da biyan kuɗin na'ura, har yau shiru: in ci gaba da jira ko in nemi kuɗina?

Baban Ummi:
Assalamu alaikum warahmatullah, 'yan uwa masu harkar sauti. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in baje ta a nan, tunda akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan ruwa.

A watan Yulin 2024 na yi odar na'urar ƙara wa makirfo ƙarfi, mai layi biyu, irin mai taransifoma a ciki, daga wani ɗan ƙaramin kamfani a Turai. Mutum uku ne kaf kamfanin, da hannu suke haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Na ji aikinta da kunnena a wani sitidiyo a Abuja, muryar mai karatu ta fito kamar yana zaune a gabanka, tun ranar raina ya biya. Kuɗinta Yuro 1,150, sharaɗinsu kuma a biya duka kafin su fara. Suka rubuta sati 10 zuwa 12. A lokacin katin naira ba ya sayayya a waje, sai na tura wa ƙanena da ke karatu a Jamus ya biya su ta banki, muka sa adireshinsa, da niyyar in ya zo hutu ya taho da ita.

Sati 12 ya cika, suka ce mai naɗa musu taransifoma ya makara. Na yi haƙuri. A Janairu suka ce fuskar akwatin ta zo da fenti mara kyau, sun mayar. Na sake haƙuri. A Afrilu suka ce saura 'yan makonni. Daga nan ɗif. Imel huɗu na aika, ko gaisuwa ba a amsa ba. Abin da ya tayar mini da hankali, shekaranjiya na ga sun sa hoton wata sabuwar na'ura a Instagram, wai an buɗe oda, a yi maza kafin gurbi ya ƙare.

Tsohuwar miksata na sayar na cika kuɗin nan. In ci gaba da jira ko in nemi kuɗina? In neman ne, ta wace hanya?

Ƙaramin Furodusa:
Wa alaikumus salam Oga. Wallahi an cinye kuɗin nan, cinikin biri a sama aka yi. Ka faɗi sunan kamfanin kowa ya sani, mu je shafinsu mu cika musu shi da magana, in sun ji wuta za su fito.

Baban Ummi:
A'a ƙanena, ba zan kama suna ba tukuna. Ban ji ta bakinsu ba, kuma in na ɓata musu suna alhali rashin lafiya ce ko wata jarrabawa ta same su, ina zan kai hakkin?

Shugaban Zaure:
Daidai ne. Dokar zauren nan ma ba ta yarda a kama sunan wani da zargi ba sai da hujja. A ba shi shawara kawai.

Injiniya Mai Gyara:
Baban Ummi, Allah Ya fid da kai. Shekara 20 da ɗoriya ina buɗe cikin irin waɗannan na'urori a Kaduna, na kuma taɓa gwada haɗa amfilifayar masallaci guda 30 don sayarwa, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya gefen, kafin a yanke musu hukuncin damfara.

Na'ura irin taka tana da ƙananan kaya ɗaruruwa a ciki. In an samu duka ban da guda ɗaya, ko da maɓallin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba ne, aiki ya tsaya cak. Babban kamfani yana da rumbu, yana da masu kawo masa kaya biyu ko uku a kan kowane abu. Ƙarami kuwa mutum ɗaya ne ke naɗa masa taransifoma, in wannan mutumin ya kwanta asibiti, shi ke nan.

Ku tuna abin da ya faru a watan Oktoban 2020. Masana'antar AKM da ke garin Nobeoka a Japan ta kama da wuta, ta yi kwana uku tana ci. A can ake yin aisi, wato ɗan ƙaramin guntun lantarki da ake dasawa a kan allon na'ura, wanda ke juya sauti daga lambobin kwamfuta zuwa abin da kunne ke ji, da wanda ke mayar da shi, irin su AK4493 da AK4499. Katin sauti da miksa da rikoda marasa adadi a duniya da su aka gina su. Cikin 'yan kwanaki dillalai suka ɓoye abin da ya rage, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Har RME na Jamus, waɗanda ba za a kira su ƙanana ba, sai da suka sake fasalin na'urarsu mai suna ADI-2 DAC a 2021 suka koma aisin kamfanin ESS. Kuma sauya aisi ba kamar sauya taya ba ne. Ƙafafunsa daban, wutar da yake ci daban, sai an sake zana allon gaba ɗaya, a sake gwaji, a sake rubuta manhajar da ke tuƙa shi. Wata shida ya tafi kamar wasa. To wanda ya karɓi kuɗin mutane a Satumban 2020 ya ce Disamba, ƙarya ya yi?

Haka masu amfilifayar bawul, wato 'yar kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, suka sha a Maris 2022. Masana'antun da suka rage suna yin bawul da yawa a duniya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba: akwai ta Saratob a Rasha mai yin Sovtek da Tung-Sol da Electro-Harmonix, akwai JJ a Sulobakiya, ta Shuguang a Sin kuma ta riga ta tsaya tun kafin nan. Da yaƙin Yukiren ya ɓarke aka shiga batun hana fitar da kaya, kowa ya ruga saye, kantuna suka wayi gari babu ko ɗaya.

Ni shawarata ka ƙara haƙuri. Mai aikin hannu ba ya son ya ga aikinsa a kwance.

Ƙaramin Furodusa:
Baba Injiniya, na ji, amma gobarar 2020 ce ta hana su amsa imel a 2025?

Injiniya Mai Gyara:
Wannan kam ka kama ni, yaro. Rashin amsa ba shi da uzuri. Sai dai na san halin masu sana'a irinmu, in kunya ta kama mutum ba shi da sabon labari, sai ya ƙi ɗaga waya. Kuskure ne, amma ba sata ba ce.

Alhaji na Gwangzu:
Injiniya, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, zan ma ƙara maka. Shekarata 11 ina hada-hadar kaya tsakanin Gwangzu da Shanzan da Dongwan a ƙasar Sin. Yawancin ƙananan kamfanonin Turai da Amurka da ke rubuta "haɗin hannu", allon da akwatin daga nan suke fita, can ake harhaɗawa da gwaji. Masana'antar da ke yanka fuskar alminiyom ba ta tayar da inji don guda 40. Za ta ce maka 300 ko 500, ko kuma ta karɓa amma ta ajiye ka a ƙarshen layi, duk ranar da babban kwastoma ya shigo a ture naka gefe. In kuma aikinka ya faɗa ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, lokacin bikin sabuwar shekararsu, ka manta da shi. Ma'aikata sun tafi ƙauyukansu, wasu ma ba sa dawowa wannan masana'antar, sai an koya wa sababbi. Sannan ga teku. Tun ƙarshen 2023 da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, manyan jiragen kwantena suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, kwana 10 zuwa sati biyu ya ƙaru a kan kowace tafiya zuwa Turai.

Amma duk wannan ba shi ne ya tsaya mini a labarin Baban Ummi ba. Hoton nan na Instagram ne. Wanda bai sallami mutanen bara ba ya buɗe sabuwar oda, a sanina ma'anarsa ɗaya ce: kuɗin zubin farko ya ƙare kafin aikin ya ƙare, yanzu ana neman kuɗin sababbi a gama na tsofaffi. In an gama na tsofaffi, da me za a yi na sababbi? Sai a sake fito da wata na'urar. Na ga kamfanoni da dama sun bi wannan hanya, kuma masu su mutanen kirki ne, ba su shigo da niyyar cuta ba. Lissafi ne ya kuɓuce musu tun ranar farko. Sun ƙirga kuɗin kayan ciki da ladan haɗawa, suka manta da fentin da za a mayar, da allon da zai fito da kuskure, da hayar shago ta watannin da ba a sayar da komai ba. Wanda ya zo ƙarshe a irin wannan layi shi ke kwana ciki.

Ka nemi kuɗinka yau, tun akwai abin da za a ba ka.

Injiniya Mai Gyara:
Alhaji, in kowa ya bi shawararka a rana ɗaya, ai kai ka rufe kamfanin da hannunka. Mutum 40 su ce a mayar musu da kuɗi, alhali kuɗin ya zama taransifoma da allo a kan tebur. Ba wanda zai samu na'ura, ba wanda zai samu kuɗi.

Kuma mu yi adalci. Banki ba ya ba mutum uku a gareji bashi don su yi na'urar makirfo. In babu masu biya tun kafin a ƙera, kayan kirki da yawa da muke alfahari da su a sitidiyo da ba su zo duniya ba, sai dai mu zauna da abin da manyan kamfanoni suka ga dama suka yi.

Alhaji na Gwangzu:
Na yarda banki ba ya ba su. To sai su gaya wa mai saye cewa shi ne bankin. Su rubuta ɓaro-ɓaro: kuɗinka ne jarinmu, in mun faɗi ka faɗi tare da mu. Wanda ya ji haka ya biya, ya san abin da ya taka. Amma a rubuta sati 10 zuwa 12 kamar kaya na kan kanta, a nan aka ci amana. Baban Ummi bai sayi hannun jari ba, in sun ci riba ba za a raba da shi ba, don me za a raba asara da shi?

Bakano a Amurka:
Salamu alaikum. Na goyi bayan Alhaji, kuma ga misalin da duk mai bin harkar hedifon a nan ya sani. A 2016 wani kamfani a San Diyego mai suna Ossic ya tara dala miliyan 2.7 a Kickstarter, shafin da jama'a ke tara wa masu sabon aiki kuɗi, don yin hedifon mai sautin kewaye, wanda zai auna kan mutum da kunnensa. Odar da suka karɓa gaba ɗaya ta kai kimanin 22,000. A watan Mayun 2018 suka sanar sun rufe, guda 250 kacal suka ƙera. Kuma injiniyoyi ne na gaske, samfurin yana aiki, 'yan jarida sun gwada shi. Tsakanin yin guda ɗaya mai kyau da yin dubu 20 masu kyau akwai rami mai zurfi.

Kickstarter da kansu tun 2012 suka fito suka ce su ba kanti ba ne. Binciken da Ethan Mollick na Jami'ar Fensilbeniya ya yi musu a 2015 ya nuna kashi 9 cikin 100 na ayyukan da aka tara wa kuɗi ba su kai wa mutane abin da suka yi alkawari ba. Makara kuwa ita ce ruwan dare.

Sai dai a bambanta tara gudummawa da oda a shafin kamfani. Oda ciniki ce, doka ta hau kanta. A nan Amurka hukumar FTC mai kula da ciniki tana da ƙa'ida a kan kayan da aka saya ta intanet ko waya ko gidan waya: ka tura a lokacin da ka faɗa, in ba ka faɗi lokaci ba kwana 30 ne. In ka ga ba za ka cika ba, dole ka sanar da mai saye, ka ba shi zaɓin ya jira ko ya soke a mayar masa da kuɗinsa cif. Ƙananan kamfanoni da yawa ko dai ba su san ta ba, ko suna yi kamar ba su sani ba.

Abin da nake so matasan zauren nan su riƙe shi ne agogo. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 yake ba ka daga ranar biya ka shigar da ƙorafi, in ya wuce ƙofa ta rufe. Katin banki ma yana da nasa wa'adin, yawanci kwana 120, kodayake a wasu lokuta daga ranar da aka yi alkawarin kawowa ake fara ƙirga. Duk "saura sati biyu" da ake yi maka yana cin wannan wa'adin. Ni in na biya ta PayPal, ranar ta 160 nake sa wa alama a kalanda. In kaya bai taso ba zan rubuta musu cikin mutunci: ku mayar mini, in kun shirya ku sake cirewa. Na kirki ba sa jin haushi.

A 2025 kuma wani sabon uzuri ya shigo mana nan, harajin fito. A Afrilu harajin kayan Sin ya kai kashi 145 kafin a sassauta, an kuma soke rangwamen kayan da ba su kai dala 800 ba, na Sin tun 2 ga Mayu, na sauran duniya 29 ga Agusta. Wasu sun bar kayansu a masana'anta suna jiran haraji ya sauka, wasu sun dawo wa waɗanda suka biya tun bara suna neman ciko.

Baban Ummi:
Na gode ƙwarai. Matsalar ni ta banki aka biya kai tsaye, ba PayPal ba kati.

Bakano a Amurka:
Ash. Wannan kam babu maɓallin dannawa. Sai dai doka.

Maman Sadik:
Sannunku da ƙoƙari. Ina son in taɓo wani gefe, don na san wasu za su ce kafin alƙalami kawai za a riƙa bayarwa, a cika in kaya ya kammala. A Turai wannan shawara ce mai kyau. A wajenmu tana da nata dafin.

Ina aikin shirye-shirye a gidan rediyo, ina kuma da ɗan ɗakin ɗaukar murya a gida. Farkon 2023 na ba da kashi 30 na kuɗin wasu lasifikun sitidiyo guda biyu, aka ce wata huɗu. Lokacin dala tana wajen naira 750 a kasuwar canji. Ba su kammala ba sai Fabrairun 2024, dala ta haura 1,500. Cikon da na tanada ya koma rabi a hannuna ina kallo. Su a wajensu farashi bai motsa ba, ni a wajena ya ninka, kuma makararsu ce ta jawo. Na rubuta musu na bayyana, suka ba ni haƙuri mai daɗi, suka ce kafin alƙalami ba a mayarwa. Sai da na sayar da ɗan kunnena na cika.

Tun daga nan, in zan ba da kafin alƙalami, a ranar nake sayen dalar cikon in ajiye. In ba ni da halin haka, na bar odar.

Alhaji na Gwangzu:
Hajiya, wannan darasi ne babba, ko mu 'yan kasuwa da yawa sai da ya ƙone mu muka koya. Allah Ya mayar da alheri.

Malam na Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ni lasifikar makaranta da ta masallaci ce ta kawo ni zauren nan, amma tunda magana ta zo kan biya kafin a karɓa, bari in ɗan tofa albarkacin bakina, don malamanmu sun daɗe da tattauna ta.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo Madina ya tarar ana biyan kuɗin dabino shekara ɗaya ko biyu kafin a girbe. Bai hana ba, sai ya ce wanda zai yi haka ya yi a kan sanannen mudu, da sanannen awo, zuwa sanannen lokaci. Hadisin Ibn Abbas ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito. Shi ake kira salam, an halatta shi ne saboda manomi yana buƙatar jari, kamar dai yadda Injiniya ya faɗa game da masu gareji. Akwai kuma istisna'i, wato ka sa mai sana'a ya ƙera maka abu, irin yadda muke yi da kafinta da maƙeri da tela. Hanafiyya suka fi faɗaɗa shi, mu Malikiyya mukan sa shi ƙarƙashin sharuɗɗan salam. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince da shi da sharaɗin a bayyana siffar abin da kuma wa'adi, ta yarda a biya kashi-kashi ko a jinkirta, har ta yarda a sa sharaɗin tara a kan mai ƙerawa in ya makara ba tare da wani dalili da ya fi ƙarfinsa ba.

Ku duba kalmar nan, sanannen lokaci. "In an gama" ba lokaci ba ne. "Nan ba da jimawa ba" ba lokaci ba ne. Baban Ummi, neman hakkinka ba rashin tausayi ba ne. In kuma suka fito suka ce maka suna cikin ƙunci ka ga dama ka jinkirta musu, kana da lada. Amma sai sun faɗa ɗin, ba ka yi ta zato kai kaɗai ba.

Maman Sadik:
Allah gafarta Malam, kafin alƙalamin da ba a mayarwa fa?

Malam na Tudun Wada:
Shi ne arbun, Hajiya. Malamai sun saɓa, Imam Ahmad ya halatta, Malik da jumhuru sun hana. Amma ko a wajen waɗanda suka halatta, maganar mai saye ne ya fasa da kansa. In mai sayarwa ne ya saɓa wa'adi, ba shi da hujjar riƙe miki ko kwabo.

Ɗan Damagaram:
Barkanku da hira. Ina zaune a Faransa, ina aikin sauti a wajen taruka. Baban Ummi, akwai abin da ka faɗa a farko da kowa ya wuce shi: ƙanenka na Jamus ne ya biya, adireshinsa ne a takarda. Ke nan a idon doka mai sayen yana cikin Tarayyar Turai. In kamfanin ma a cikin Tarayyar yake, dokar kare mai saye ta 2011 ta rufe ku. Abin da ta ce: in ba a yi yarjejeniyar wani lokaci ba, a kawo kaya cikin kwana 30. In an yi yarjejeniya aka saɓa, mai saye ya ba su ƙarin wa'adi mai ma'ana, in ya wuce yana da ikon warware cinikin, su mayar da duk abin da ya biya ba tare da jan ƙafa ba.

Don haka ka bar aika imel na roƙo daga Kano. Ƙanenka ya rubuta da sunansa, gajere, ya sa lambar oda da ranar biya da alkawarin sati 12, ya ba su kwana 14 da kwanan wata a rubuce, ya ce in ya wuce ya warware ciniki. Ya aika ta imel, ya kuma aika ta gidan waya irin wasiƙar da ake sa hannu in an karɓa. Ya ajiye rasit. In ba ƙasa ɗaya suke ba, akwai cibiyar taimakon masu saye ta Turai a kowace ƙasa, kyauta suke shiga tsakani.

Tambaya ɗaya: da sunan wa aka yanka rasit, nasa ko na sitidiyonka? In na sitidiyo ne, za su ce cinikin kamfani da kamfani ne, wannan kariyar ba ta hau ba.

Baban Ummi:
Sunansa ne, na duba yanzu. Kamfanin ma yana cikin Tarayyar, amma ba Jamus ba. Allah Ya saka da alheri, ɗan uwa. Yau da dare zan kira shi.

Injiniya Mai Gyara:
Ban ƙi ba. Roƙona ɗaya, a cikin wasiƙar a bar musu ƙofa. A ce in na'urar tana nan, su turo hotonta da lambarta da ranar da za ta tashi.

Ɗan Damagaram:
Wannan ba ya rage wa wasiƙar ƙarfi, a sa.

Ƙaramin Furodusa:
Ni dai daga yau abin da ban gani a kanta ba, ba ni ba shi. Ko a Sabon Gari sai an jona mini na ji.

Maman Sadik:
Ƙanena, kar ka rantse. Wata rana za ka so abin da ba a kawo shi kasuwarmu. In ranar ta zo, ka tambaye su abu uku kafin ka biya: mutum nawa ne a gabana, guda nawa kuke gamawa a wata, kuma in na fasa me zai dawo mini. Akwai masu haɗa amfilifaya da ke sa jerin masu jira a fili a shafinsu, kowa yana ganin lambarsa tana matsowa, ko shekara biyu ce mutane suna jira ba rigima. Wanda ya kasa amsa ukun nan, shi ne za ka guda.

Baban Ummi:
Assalamu alaikum. Na dawo da labari, kwana 9 bayan waccan hira.

Wasiƙar ta isa ranar Talata, Alhamis mai kamfanin da kansa ya amsa, doguwar amsa. Ya ce taransifomomin sun iso tun Yuni. Fuskokin akwati ne ke hannun masu yanka, an gyara fentin, amma sun ƙi saki sai an cika musu kuɗi, shi kuma ba shi da shi. Ɗaya daga cikin su ukun ya bar aiki tun bazara, shi ne mai amsa imel. Ya ce sabuwar odar da suka buɗe don su samu abin fanso fuskokin ne. Alhaji, kamar kana wajen.

Ya ba ni zaɓi biyu. In jira sati shida, ni ne na 37 a cikin mutum 52. Ko a mayar da kuɗin kashi biyu, rabi yanzu, rabi ƙarshen wata mai zuwa. Na kwana biyu ina juya abin, don har yanzu muryar nan da na ji a Abuja tana kunnena. Abin da ya yanke mini shi ne na gane in na karɓi na'urar, da kuɗin wani bawan Allah da ya biya makon jiya aka fanso ta, shi kuma bai san layin da ya shiga ba. Na zaɓi kuɗin. Yuro 575 sun shiga asusun ƙanena jiya.

Na kuma rubuta masa cewa ya gaya wa sauran mutum 51 abin da ya gaya mini, ya kuma rubuta gaskiyar wa'adi a shafin sabuwar odar. Na ce masa duk ranar da na'urar ta sauka a kantin dillali zan saya, ko ta ƙara kuɗi.

Injiniya Mai Gyara:
Alhamdu lillahi da ya amsa. Raina ya sosu da jin taransifoma 52 na zaune a kwali saboda fuskar akwati. Da tun Yuni ya faɗa, na tabbata akwai waɗanda za su ce a turo musu a akwati mara fenti.

Alhaji na Gwangzu:
Allah Ya cika sauran. Ka sa ya rubuta kwanan watan biya na biyu a imel, kar ka karɓi "ƙarshen wata" kawai.

Ɗan Damagaram:
Kuma ƙanenka ya amsa a rubuce cewa ya karɓi rabi ne a matsayin wani ɓangare, sauran 575 na nan a kansu. Kar ya sa hannu a wata takarda da ke cewa an rufe magana.

Baban Ummi:
An rubuta, 31 ga Oktoba. Zan tura masa maganarka yanzu, Ɗan Damagaram. Injiniya, kafin nan ina da aikin karatun littafi da zan fara ranar Litinin. Tsohon katin sautina layi ɗaya yana ƙara, in na ba direban mota gobe da safe za ka iya dubawa kafin Lahadi?

Injiniya Mai Gyara:
Ka haɗo da wayar wutarsa, sau da yawa daga can ƙarar take. In ya iso kafin azahar zan buɗe shi a goben.